Kukan Na'ura Ba Shaida Ba Ne

Tun daga shekarar 2014, lokacin da labarin zinarin Jado ya bazu daga arewa maso gabashin Jamhuriyar Nijar, na'urar gano ƙarfe ta daina zama baƙuwa ga samarinmu. Dubban mutane suka kwarara cikin hamada, kowa riƙe da sanda mai faifai a baki yana shafa ƙasa, yana jiran ya ji ƙara. Wasu sun samu, da yawa sun dawo da bashi. Abin da ya dame ni a matsayina na malami shi ne yadda aka ɗauki wannan na'ura tamkar alƙali, alhali kuwa ba ta san zinari ba. A ganina, aikin tantance abin da aka tono aikin ilimi ne, kuma ilimin yana nan kwance cikin manhajar sakandare, ba mu dai haɗa shi da rayuwa ba ne.

Bari mu fara da yadda na'urar take aiki. A cikin faifan nan akwai naɗaɗɗiyar waya wadda lantarki ke kaiwa da komowa a cikinta, sai ta haifar da ƙarfin maganaɗisu da ke ratsa ƙasa. Idan ya ci karo da ƙarfe, sai ya tayar da ɗan lantarki a jikin ƙarfen, na'urar kuma ta ji shi ta yi kuka. Wato abin da take aunawa shi ne sauƙin gudun lantarki a jikin abu, haɗe da girmansa da siffarsa. Shi ya sa ƙaramin zoben zinari da guntun gwangwanin goran ruwa kan ba da amsa kusan iri ɗaya. Hausawa sun ce kama da wane ba wane ba ne.

To, in an tono abu, mene ne abin yi? Da farko a duba shi da ido kafin a goge. Zinari ba ya tsatsa. Ko ya shekara dubu a binne, launinsa na nan. Azurfa kan yi baƙi ko toka-toka, jan ƙarfe da tagulla kan yi kore, baƙin ƙarfe kuwa jar tsatsa. Sai a kawo mayen ƙarfe. Zinari da azurfa ba sa binsa, saboda haka duk abin da ya manne an gama da shi. Amma a kula, rashin mannewa ba hujja ba ce, don dalma da tagulla ma ba sa mannewa. In kayan ado ne na zamani, a nemi hatimi: 750 na nufin kashi 75 cikin ɗari zinari ne, wato karat 18; 916 karat 22 ke nan; 925 kuwa alamar azurfa ce. Hatimi ma akan yi na jabu.

Gwajin da na fi so, wanda kuma nake roƙon malaman kimiyya su mayar da shi darasin aiki, shi ne na nauyi da girma. Kowane ƙarfe yana da nasa kauri na halitta. In aka yanka ɗan curi mai santimita 1 ta kowane gefe, na zinari zalla zai yi giram 19.3, dalma 11.3, azurfa 10.5, jan ƙarfe kusan 9, tagulla wajen 8.5, goran ruwa kuwa 2.7 kacal. Dubi tazarar da ke tsakanin zinari da tagullar da ake yaudarar mutane da ita: ya ninka ta har da ɗori.

Ga yadda ake yi. A auna abin a kan ƙaramin sikeli, a rubuta. Sannan a ɗora kofin ruwa a kan sikelin, a mayar da shi sifiri, a ɗaure abin da zare a nutsar da shi cikin ruwan ba tare da ya taɓa gindin kofin ba. Lambar da sikelin ya nuna yanzu ita ce girman abin, domin giram 1 na ruwa yana cika wancan curi guda. A raba lambar farko da ta biyu. Alal misali, abin hannu mai giram 31 da ya nuna 2 a cikin ruwa ya ba da 15.5, wanda ya dace da zinari mai karat 18. Da tagulla ce, da nauyinta bai wuce giram 17 ba. Wannan dabara ta samo asali daga Arkimidis, masanin Girka da ya rasu shekara 212 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma ba ta ƙwarzane komai. Tana da iyaka: abu mai rami a ciki ko mai dutse a jiki zai ɓata lissafi, sannan akwai ƙarfen tangistan da nauyinsa ya yi kusan daidai da na zinari, wanda mazambata kan lulluɓe da ruwan zinari. A nan sai a nufi ƙwararren maƙerin zinari ko ɗakin gwaji.

Akwai kuma dutsen fairait, mai ƙyallin ruwan ɗorawa, wanda ya sha ruɗar masu haƙa. Nauyinsa a wancan ma'auni wajen 5 ne. In an buga shi da guduma sai ya farfashe, zinari kuwa sai dai ya baje. In an goga shi a bayan tangaran marar sheƙi, baƙin layi yake bari.

Inda nake da ja sosai shi ne gwaje-gwajen da ke ɓarna. Fagena nazarin halittu ne, don haka jikin mai gwajin nake fara dubawa. Mai neman sanin ko dutse na ɗauke da zinari yakan daka shi ya zama gari, ya cuɗa da zaiba, ya ƙona. Tururin zaiba ba shi da launi ko wari, yana shiga ta huhu ya taɓa ƙwaƙwalwa da ƙoda. Garin dutsen kansa na iya zama guba. A 2010 aka gano cewa yara na mutuwa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara. Duwatsun da ake niƙawa a cikin gidaje don neman zinari cike suke da dalma. Yara wajen 400 suka rasu. Hanjin yaro yana tsotsar dalma fiye da na babba nesa ba kusa ba, kuma illar da take yi wa ƙwaƙwalwa mai tasowa ba ta gyaruwa. Iyayen nan zinari suka gani a dutsen. Babu wanda ya taɓa koya musu tambayar me kuma ke ciki.

Ɓarna ta biyu ta shafi abin da aka tono. Ba kowane ƙarfe ne darajarsa ke kan sikeli ba. A Durɓi Takusheyi, kusa da Mani a Jihar Katsina, tonon da masana suka yi a 1992 ya fito da kayan ado na zinari da tasoshin tagulla daga kaburburan manyan mutanen da suka rayu ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Da mai na'ura ne ya riga su, ya kankare da wuƙa, ya ɗiga asid, ya narkar, da an sami 'yan giram na sayarwa, an kuma rasa shaidar cinikin da ƙasar Hausa ta yi da duniya. Tsohon abu mai zane ko siffa, a bar shi da ƙasarsa, a rubuta inda aka same shi, a sanar da Hukumar Kula da Gidajen Tarihi.

Wani malami zai ce makarantarsu ba ta da kayan aiki. Abin da darasin nan ke bukata shi ne sikeli irin na masu sayar da gwal, da kofi, da zare, da mayen ƙarfe daga tsohuwar lasifika. A sa ɗalibai su zo da ƙusa, da guntun wayar lantarki, da tsohon kwabo, da murfin tukunya, su auna, su raba, su faɗi sunan kowane ƙarfe da kansu kafin malami ya buɗe baki.