Kacici-kacicin Lissafi: Darasi Daga Kasuwar Illela

Duk wanda ya san Illela ya san gari ne na ƙidaya. Tsakaninta da Birnin Ƙonni tafiya ce 'yar kaɗan, kuma kuɗi iri biyu ne ke yawo a hannun jama'a: naira da sefa. A lissafin Hausawan Nijar, dala ɗaya sefa 5 ce, jaka ɗaya kuwa sefa 1,000, wato dala 200. Yaron da ke taya mahaifinsa sayar da albasa yana juya wannan lissafi a ka ba tare da alƙalami ba. Abin da ke damuna shi ne, wannan yaron ne kuma zai zauna a aji huɗu a tambaye shi 40 sau 5, ya sunkuyar da kai. Ga ilmin a kansa, amma makaranta ta kasa fito da shi.

A ganina, gasar kacici-kacici a cikin aji tana daga cikin hanyoyi mafi araha na gyara wannan. A shekarar 2006, masana halayyar ɗan Adam biyu a Amurka, Roediger da Karpicke, sun nuna cewa wanda aka sa ya tuno abin da ya karanta ya fi riƙe shi bayan mako guda a kan wanda ya yi ta maimaita karatun kawai. Mu kuwa a ƙasar Sakkwato mun daɗe da sanin haka ta hanyar tilawa, kuma a nan ne Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta assasa musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa a 1986.

Sai dai ina da ja a kan yadda aka saba gudanar da gasar. Akan zaɓi haziƙai uku su zauna a gaba, sauran yara su zama 'yan kallo da tafi. Wanda ya fi buƙatar bita shi ne wanda ba a taɓa tambaya ba.

Ga abin da nake ba malamai shawara. A raba aji rukuni-rukuni, a gauraya masu ƙoƙari da masu rauni, maza da mata. Kowane yaro ya riƙe allo da alli. Malam ya jefa tambaya, misali: dala 40 da dala 60, sefa nawa ke nan? A ba su lokacin tunani, sannan kowa ya ɗaga allonsa a tare. Nan take malam zai ga wanda ya rubuta 500, da wanda ya tsaya a 100 domin ya manta ninkawa da 5. Makin rukuni ya dogara da yawan waɗanda suka dace, ta yadda haziƙi zai ga ribar koya wa na kusa da shi. Minti 10 a ƙarshen darasi sun wadatar, kuma a riƙa dawo da tambayoyin makon jiya. Bulala da dariyar ƙeta kuwa, a bar su a waje, domin yaron da ke tsoron kuskure ba zai ɗaga allo ba.

A wasu ƙasashe ana yin wannan da manhajoji irin su Kahoot!, waɗanda ke buƙatar waya da intanet. Namu ba ya buƙatar ko wutar lantarki. Ina kira ga Hukumar Ilmin Bai-ɗaya ta Jihar Sakkwato da sakataren ilmi na ƙaramar hukumar Illela su sa wannan dabara cikin horon malamai, su kuma wadata azuzuwa da alluna da alli kafin zangon karatu mai zuwa.