Faɗaɗa intanet da turakun miƙa sigina a Boɗinga da Shagari

Boɗinga da Shagari ƙananan hukumomi ne a kudu da birnin Sakkwato, a kan babbar hanyar da ta wuce Tambuwal zuwa Jega. Garuruwan bakin titi suna samun sabis, amma da an nausa cikin ƙauyuka sai sigina ya yi rauni. Babban dalili shi ne kuɗi. Cikakken turken sadarwa yana buƙatar doguwar hasumiya da janareta da man dizal da mai gadi, sannan a haɗa shi da wayar fayiba. Kamfani ba ya kashe wannan kuɗin a ƙauyen da cinikin kati ba zai mayar masa da shi ba.

Yadda yake aiki

Turken miƙa sigina ƙaramin turke ne da ke karɓo sigina ta iska daga babban turke mafi kusa, ya sake watsa shi ga wayoyin da ke kewaye. Ba a haƙa masa ramin waya, kuma sola da batir sun ishe shi. An shigar da wannan dabara cikin ƙa'idojin 4G tun 2011. Kamfanin Huawei ya gina tsarinsa na RuralStar a kanta, wanda MTN ya fara amfani da shi a Ghana a 2017. Shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin ta wannan yanki ta dace da shi, domin babu manyan duwatsun da za su tare sigina.

Sai dai ƙaramin turken ba ya ƙara yawan intanet, raba na babban turke yake yi. Idan babban ya cika da jama'a ko wutarsa ta ɗauke, ƙauyen da ke rataye da shi ya rasa sabis. Ƙurar hunturu kuma tana rufe faifan sola, zafin bazara yana rage ƙarfin batir. Ya kamata a bambanta shi da na'urar ƙara sigina da ake saye a kasuwa, wadda Hukumar Sadarwa ta NCC ta hana amfani da ita ba tare da izini ba.

Manufofin gwamnati

Tsarin faɗaɗa intanet na ƙasa na 2020 zuwa 2025 ya yi burin kai sabis ga kashi 90 cikin 100 na jama'a, da saurin megabit 10 a karkara. Akwai kuma asusun USPF da dokar sadarwa ta 2003 ta kafa domin tallafa wa wuraren da kamfanoni ke gudu. A Janairun 2025 NCC ta amince da ƙarin kashi 50 a kuɗin kira da data, wanda ya fi taɓa mai ƙaramin ƙarfi: turke kusa da gida bai amfani ɗalibin da bai iya sayen data ba.

Tsaro ma yana cikin lissafin. A Satumbar 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar saboda 'yan bindiga, kuma sola da batir da aka kafa nesa da gari suna jawo ɓarayi.