Gubar da ke kwance a lakar rafukanmu

Duk wanda ya bi gefen rafin Jakara a Kano da rani zai ga lambuna shar da latas, alayyafo da karas. Ruwan da ake ba su ya ratso kwatoci da jujin birni, rafin Getsi ya ƙara masa dagwalon masana'antun Bompai, kafin ya taru a madatsar Wasai. Ta kudu kuma, majemun Challawa da Sharaɗa sun daɗe suna sakin ruwan jima mai ɗauke da sinadarin kuromiyam cikin kogin Challawa. Masu bincike a jami'o'inmu sun sha auna waɗannan wurare, sun kuma sha samun dalma, kadmiyam da kuromiyam.

Irin waɗannan ƙarafa ba sa ruɓewa, tafasa ruwa ma ba ya kawar da su. Nutsewa suke yi su manne da laka. Jami'i zai iya ɗibar ruwan sama-sama a kwalba, ya rubuta rahoto cewa lafiya lau, alhali gubar na kwance a ƙarƙashin ƙafarsa. Idan damina ta kankama, ambaliya ta tayar da lakar ta shimfiɗa a fadama, daga nan sai cikin ganye da kifi.

Damuwarmu a yau ta wuce Kano. Azare, hedikwatar masarautar Katagum, da garuruwa irin su Zadawa ba su da manyan majemu, amma jujinsu ya sauya kama kamar na kowane gari a Arewa. A da toka ce da kashin dabbobi, shi ya sa manomi ke kwasar shara zuwa gona a matsayin taki. Yau akwai matattun batura na babur da na sola, ɓaraguzan wayoyin hannu, baƙin mai, da tokar wayar lantarki da ake ƙonawa don ciro tagulla. Manomin bai daina kwasa ba, ba kuma laifinsa ba ne. Abin da ya rage yakan ƙare a kududdufi, kududdufin kuwa maƙwabcin rijiya ne. Kada a manta, kogin Jama'are da ya ratsa ƙasar Katagum da kogin Haɗejiya da ke kwaso ruwan Challawa duk dausayin Haɗejiya-Nguru suke nufa.

Mun riga mun ga abin da dalma ke yi. A 2010 yara fiye da 400 suka mutu a ƙauyukan Zamfara sanadiyyar niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje, amma sai a 2013 Gwamnatin Tarayya ta saki kuɗin tsaftace Bagega. Gubar juji ba ta kisa da sauri haka. Sannu a hankali take cin ƙwaƙwalwar yaro da ƙodar babba, har a ɗora laifin a kan daƙiƙanci ko ƙaddara. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na dalma a ruwan sha maikurogiram 10 ne kacal a kowace lita, kuma hukumar ta ce babu adadinta da ba ya cutarwa.

Mun san amsar da ake bayarwa a ofisoshin Abuja: Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ɗora kwasar shara a wuyan ƙananan hukumomi. Gaskiya ne. To amma wace ƙaramar hukuma ce ke da na'urar auna dalma a laka? Hukumar NESREA da aka kafa a 2007, Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are da Asusun Kula da Muhalli duk na tarayya ne, kuma takardunsu ta hannun masu karanta wannan shafi suke bi.

Saboda haka muna kira da a sanya gwajin laka da na rijiyoyin da ke kusa da juji a kasafin kuɗi mai zuwa, sau biyu a shekara, rani da damina. A ba Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Lafiya da ke Azare kayan aikin, a samar da wurin karɓar tsofaffin batura a kasuwar garin, sannan a karanta wa mutane sakamakon da Hausa a rediyo kafin a fara noman rani.