Riƙo da Tallafin Kare Mai Kuzari a Ƙasar Ingila: Tausayi Kaɗai Ba Ya Isa

Gabatarwa

A ƙasar Hausa idan aka ce an ba wance riƙon yaro, ba a bukatar dogon bayani, domin kowa ya san yaro ne ya bar hannun mahaifansa ya koma hannun goggo ko kaka ko kawu, su ci da shi, su tufatar da shi, su yi masa tarbiyya. Akwai kuma kalmar tallafi, wadda dattawa ke amfani da ita ga ɗaukar ɗan wani a raine shi tamkar na cikin mutum. Wannan maƙala za ta ari kalmomin nan biyu don bayanin wata al'ada ta Turawan Ingila game da karnuka. Riƙo a nan shi ne zaman wucin gadi da kare marar gata ke yi a gidan wani mai taimako, tallafi kuwa shi ne ɗaukarsa ɗungurungum ya zama na gida har ƙarshen rayuwarsa.

Ra'ayin da maƙalar ke karewa shi ne, duk wanda zai ɗauki tallafin kare mai yawan kuzari daga hannun mai riƙo, wajibi ne ya auna aikin da zai iya ba karen kowace rana tun kafin ya saurari tausayin da ke zuciyarsa. In ya ƙi yin haka, ƙarshen al'amarin shi ne a mayar da karen inda aka ɗauko shi, ya koma da hali mafi muni.

Asalin Al'amarin

Kula da dabbobi marasa gata ya daɗe da samun gindin zama a Ingila. A shekarar 1822 majalisar dokokin ƙasar ta zartar da dokar hana zaluntar dabbobin kiwo, bisa ƙoƙarin wani ɗan majalisa mai suna Richard Martin. A 1824 aka kafa Ƙungiyar Hana Zaluntar Dabbobi a birnin Landan, wadda Sarauniya Biktoriya ta ba lambar sarauta a 1840. Daga nan sai wata mata mai suna Mary Tealby ta buɗe gidan ajiye ɓatattun karnuka da masu fama da yunwa a unguwar Holloway a 1860, aka kuma ƙaurar da shi zuwa Battersea a 1871, inda yake har yanzu.

Irin waɗannan gidaje sun yaɗu a ƙasar, amma an lura cewa akwai karnukan da zaman keji ba ya karɓarsu. Hayaniyar haushin sauran karnuka da rashin sakewa kan sa wani kare ya ƙi cin abinci, wani kuma ya riƙa zagaye wuri ɗaya yana tsalle kamar mai taɓin hankali. Wannan ne ya sa ƙungiyoyin suka koma neman masu sa kai waɗanda za su riƙe kare a gidajensu na 'yan makonni ko watanni, galibi ƙungiya na biyan kuɗin magani da na abinci, har a sami mai tallafi.

Darajar Shaidar Mai Riƙo

Babban amfanin riƙo shi ne yana fito da halin kare na ainihi. Hausawa na cewa zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, haka kuma zama da kare a gida ɗaya shi ke sa a san shi. Mai riƙo ya ga yadda karen ke yi idan aka bar shi shi kaɗai, ya san ko yana tauna takalma da ƙafafun kujeru, ko yana bin kyanwa da gudu, ko yana tsoron ƙarar mota, ko yana haƙuri da yara ƙanana, ko kuwa yana gurnani idan an kusanci kwanon abincinsa. Ba a iya gane waɗannan abubuwa a ziyarar rabin sa'a, balle a hoton da aka saka a intanet.

Saboda haka kuskure ne babba mai neman tallafi ya ɗauki bayanin mai riƙo a matsayin surutun cika baki. Idan mai riƙo ya ce karen nan ba ya zama wuri ɗaya, to, ya faɗi gaskiya cikin ladabi ne, ma'anarta kuwa ita ce sai an fita da shi safe da yamma, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara. Ya kamata mai tallafi ya tambayi awa nawa mai riƙo ke fita da karen, da abin da ke faruwa a ranar da ba a fita ba, da dalilin da ya sa masu shi na farko suka rabu da shi. Haka nan mai riƙo amana ce a wuyansa. Wanda ya ɓoye aibin kare don ɗokin a ɗauke shi da wuri ya cuci karen, ya kuma cuci iyalin da za su karɓe shi.

Kuzari Gado Ne

Yawan kuzarin wasu karnuka gado ne wanda mutane suka dasa musu da gangan. Karen kiwon nan da ake kira koli an samar da shi ne a tsaunukan kan iyakar Ingila da Sikotlan domin kora tumaki yini guda, har ma tun 1873 aka fara gasar irin waɗannan karnuka a garin Bala na yankin Wales. Haski kuwa mutanen Cukci na Saiberiya ne suka raine shi don jan keken ƙanƙara a tafiya mai nisa. Shi kuma ɗan ƙaramin karen nan mai ɗauke da sunan wani limamin coci, John Russell, an raine shi ne a yankin Devon a ƙarni na 19 don farautar yanyawa. Babbar ƙungiyar da ke rajistar jinsunan karnuka a Birtaniya ta ƙiyasta cewa koli da haski na bukatar motsa jiki fiye da awa 2 a kowace rana.

Kare irin wannan idan aka kulle shi a ɗaki daga safe zuwa magariba, sai ya nemo wa kansa aiki. Ya tona rami a lambu, ya yayyaga katifa, ya dami maƙwabta da haushi. Koli wanda bai sami tumaki ba yakan koma kora yara da masu keke, har ya kai ga cizon diddige, domin haka ya gada. Gudun kawai ma ba ya wadatarwa, sai an haɗa da aikin da zai gajiyar da ƙwaƙwalwa, kamar neman abin da aka ɓoye ta hanyar sansana, da koyon bin umarni. Daɗin daɗawa, tsakanin wata 6 zuwa shekara 2 kare na cikin ƙuruciyar balaga, lokacin da ya fi taurin kai, kuma a wannan tsakani ne mutane da yawa kan gaji su miƙa shi ga gidajen ajiya.

Abin lura shi ne ba a gane kuzari da ido. Dogon karen tseren nan da ake kira girehawun yana iya gudun kusan kilomita 70 a sa'a guda, amma da zarar ya ɗan zagaya sai ya kwanta ya yini yana barci. Dattijo mai zaman bene zai fi jin daɗin irinsa a kan ɗan ƙaramin karen farauta wanda ba ya gajiya.

A nan Bahaushe ba baƙo ne ga wannan tunani ba. Mafarauci da makiyayi da manomi ba su taɓa ajiye kare ba tare da sun san aikin da zai yi ba, kuma waɗannan ayyuka uku, watau farauta da kiwo da gadin gona, su ne malaman fiƙihu suka ambata wajen halascin ajiye shi. Karen farauta da ya yini a daji ba ya da sauran ƙarfin yin ɓarna a gida.

Nauyin da Doka Ta Ɗora

Tallafin kare a Ingila alkawari ne mai igiya a wuya. Dokar Jin Daɗin Dabbobi ta 2006 ta wajabta wa mai dabba biyan bukatu guda 5: wurin zama mai dacewa, da abinci mai dacewa, da damar nuna halayenta na ɗabi'a, da zama tare da wasu dabbobi ko nesa da su gwargwadon bukatarta, da kariya daga ciwo da wahala da rauni da cuta. Bukata ta uku ita ce ta shafi wannan batu kai tsaye, domin gudu da sansana da bincike halaye ne na ɗabi'a ga kare. Tun watan Afrilun 2016 kuma wajibi ne a saka wa kowane kare wata 'yar na'urar shaida mai girman ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fata, wadda lambarta ke kaiwa ga sunan mai shi. Dokar Karnuka Masu Haɗari ta 1991 ta mayar da barin kare ya fi ƙarfin mai shi laifi, a 2014 kuma aka faɗaɗa ta har ta shafi abin da ya faru a cikin gidan mutum. Har ila yau, tun 1953 laifi ne kare ya tarwatsa dabbobin kiwo a gonar wani. Ke nan wanda ya ɗauki karen da ba zai iya sarrafawa ba yana iya samun kansa a gaban alƙali.

Hujjojin Masu Suka

Akwai masu cewa ƙungiyoyin sun cika tsanani. Sukan zo duba gida, su auna tsawon shinge, su tambayi awa nawa mutum ke yi a wurin aiki, wani lokaci su hana mai ƙananan yara, har mutum ya yi fushi ya je ya sayi ɗan kwikwiyo. Wannan suka tana da ƙamshin gaskiya, domin faɗin tsakar gida ba shi ne ma'aunin kulawa ba. Mai zaman ɗaki ɗaya wanda ke fita gudu kowace asuba ya fi amfani ga koli a kan mai babban lambu wanda ba ya leƙa waje. Gyaran da ake bukata shi ne a riƙa auna lokacin mutum da ɗabi'arsa fiye da girman gidansa, amma a bar binciken yana nan. Abin da ya faru a 2020, lokacin kullen annobar korona, ya isa darasi. Mutane sun yi rububin neman karnuka suna zaune a gida, da aka koma aiki kuma rayuwa ta yi tsada, gidajen ajiya suka cika da waɗanda aka rabu da su.

Suka ta biyu ta fi nauyi, kuma ita ce za ta fara zuwa zuciyar mai karatu: ina dalilin wannan hidima a kan kare alhali mutane na kwana da yunwa? Wannan tambaya ba sabuwa ba ce, domin jaridar The Times ta yi wa gidan Mary Tealby irin wannan ba'a tun 1860, sai mujallar marubucin nan Charles Dickens ta kare shi a 1862. Babu shakka haƙƙin ɗan Adam ne a gaba. Sai dai kare da aka yasar a titi matsala ce ga mutane su kansu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan dukkansu ta cizon kare suka kamu. Karen da ke da mai shi, aka yi masa allurar rigakafi, aka san inda yake kwana, ya rage wa jama'a haɗari guda.

Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa tallafin kare mai kuzari aiki ne na shekara 10 ko fiye, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Ya kamata mai niyya ya ziyarci karen a gidan mai riƙo fiye da sau ɗaya, ya fita da shi da kansa, ya tafi da dukkan mutanen gidansa, ya kuma lissafa awoyin da yake da su a mako mafi cunkoso, ba a lokacin hutu ba. In lissafin ya yi daidai, to, ya ɗauka, ya kuma yi haƙuri da makonnin farko, domin kare na ɗaukar lokaci kafin ya saki jiki a sabon gida. In kuwa lissafin ya gaza, janyewa ba abin kunya ba ce, akwai tsofaffin karnuka masu sanyin hali waɗanda su ma ke jiran gida. Su kuma ƙungiyoyi, ya dace su bar wa mai riƙo babbar murya wajen zaɓen mai tallafi, tun da shi ne ya kwana ya tashi da karen.