Tsage da Minjirya Ba Kayan Adon Falo Ba Ne

Akwai wata magana da masu sayar da kifin ado ke faɗa wa mai saye, har ta zauna daram a kunnuwan mutane a nan unguwannin Tsinga da Briqueterie na Yawunde: wai kifi ba ya wuce girman akwatin gilashin da aka sa shi. Wannan ƙarya ce tsagwaronta. Ƙunci da gurɓataccen ruwa ne ke tsumburar da shi, ƙashin bayansa ya lanƙwashe, ya mutu da wuri, maigida kuma ya ce ai dama kifi ba shi da nisan kwana.

Mu Hausawa mun san waɗannan kifaye tun kafin a san gilashi. Tarwaɗa tana iya wuce mita ɗaya. Ɗan sarki yakan kai mita ɗaya da rabi. Giwan ruwa kuwa tana kusantar mita 2, nauyinta har kilo 200. Tsage an halicce shi ne don gudu da farauta a buɗaɗɗen ruwa irin na Binuwai da Tafkin Chadi. Minjirya tana sakin lantarkin da ya haura volt 300, amma sai a girke ta a falon da yara ke wasa. Duk ana sayar da su ne suna 'yan ƙanana kamar yatsa, mai sayarwa kuma ba zai faɗi abin da za su zama bayan shekara biyu ba.

Kifin da ke cin nama yana fitar da sinadarin amoniya mai yawa cikin ruwa, guba ce gare shi. Abin da ke cinye gubar wasu ƙwayoyin halitta ne da ke zaune cikin matatar ruwa, su kuma ba sa rayuwa sai famfo yana juya ruwa yana kai musu iska. Kowa a Yawunde ya san yadda wuta ke ɗaukewa. Ta yi wuni ba ta dawo ba, matatar ta mutu, kifin ya kwana cikin gubarsa. A ɗebo ruwan famfo a juye masa kai tsaye, kulorin da ke ciki ya ƙona masa sassan numfashi. Tarwaɗa da gaiwa suna shaƙar iska daga sama, saboda haka ba sa saurin mutuwa, sai a ɗauka lafiyarsu ƙalau, alhali wahalarsu ce ta yi tsawo.

Za a ce ai muna cin kifi, ga tarwaɗa nan a bahon roba a kasuwar Mokolo. Haka ne. Amma kama kifi don abinci daban, tsare shi shekaru don a burge baƙi daban. Abin da ya fi ci mini rai shi ne a jefa masa ƙananan kifi masu rai, a tara yara su kalli yadda yake yayyaga su, a ɗauka a waya. Mun sha jin malamai a masallacin Tsinga da sauran masallatanmu suna kawo hadisin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta kulle. Wa ya cire kifi daga cikin dabbobin da za a tambaye mu a kansu?

Sai kuma masu ganin tausayi ne idan kifi ya fi ƙarfin gilashi a sake shi a rafi. Rafukan garin nan kogin Mfoundi suke shiga, shi kuma ya bi ta Mefou ya faɗa Nyong. Baƙon mafarauci idan ya samu wurin zama, ba ya fita. An sa giwan ruwa a Tafkin Victoria a shekarun 1950 don bunƙasa kamun kifi, ta taimaka wajen ɓacewar nau'in ƙananan kifi kusan 200. A Amurka, a 2002, wani irin kifin Asiya mai kan maciji da aka saka a wani kududdufi a jihar Maryland ya hayayyafa har sai da hukuma ta zuba wa ruwan guba. A nan Kamaru, tafkin Barombi Mbo kusa da Kumba yana da nau'in kifi 11 dangin karfasa da babu su ko'ina a duniya, baƙon mafarauci kuma zai iya shafe su.

Ɗan'uwa, in ba ka da janareto ko batir, ba ka da wurin da zai ɗauki kifin idan ya girma, ka bar shi a hannun mai sayarwa. In kuma ka riga ka saya, ka kai wa mai kiwon kifi da ke da babban kududdufi a killace, kada ka kai shi rafi.