Ƙwayoyin tazarar haifuwa da sankarar bakin mahaifa: ina gaskiyar magana?

Tun shekara ta 2006 gwamnatin Nijar ta mai da magungunan tazarar haifuwa kyauta a gidajen likita. To, matar da ke karɓar ƙwayoyinta a Ƙonni, ko Malbaza, ko Illela, in ta ji an ce suna jawo sankarar bakin mahaifa, dole hankalinta ya tashi. Wajibi ne a fayyace mata zancen.

Tushen wannan ciwo wata ƙwayar cuta ce da likitoci ke kira HPV, wadda ake ɗauka ta wajen saduwar namiji da mace. Iri biyu daga cikinta, mai lamba 16 da mai lamba 18, su ke haddasa wajen kashi 70 bisa ɗari na ciwon. Galibi jiki yakan kawar da ita da kansa. In ta zauna kuwa, takan yi shekara 15 zuwa 20 tana ɓarna a ɓoye kafin sankara ta bayyana. Ke nan ƙwayar sha ba ita ke kawo cutar ba.

Amma akwai dangantaka. Wani babban bincike da aka buga a 2007 ya nuna macen da ta shekara 5 ko fiye tana shan ƙwayoyin, haɗarinta yakan kusan ninkawa. In ta daina sai ya yi ta raguwa, bayan shekara 10 ya koma daidai da na wadda ba ta taɓa sha ba. Ƙwayar sha da allura ba sa tare HPV. Kwaroron roba yana rage yaɗuwarta, ko da yake ba ya hanawa ɗungum.

Sai dai kada a gudu daga tara a faɗa goma. Yawan haifuwa da fara aure da ƙuruciya su ma suna ƙara haɗarin, kuma ƙidayar lafiya ta 2012 ta samu macen Nijar tana haifuwar ƴaƴa fiye da 7. Wadda ta jefar da ƙwayoyinta don tsoro, ta koma ciki bisa ciki, ba ta tsira ba.

Mafita ita ce awo da rigakafi. A 2020 Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta tsai da burin yi wa ƴan mata kashi 90 bisa ɗari allurar rigakafi kafin su cika shekara 15, da auna mata kashi 70 bisa ɗari. Tana kuma shawartar a fara awo daga shekara 30. Ciwon da aka gani da wuri ana kashe shi cikin sauƙi, ba sai an kai ga doguwar tafiya zuwa Yamai ba.

Saboda haka ya kamata hukumomin lafiya na jahar Tawa su haɗa ayyukan biyu wuri guda: ungozomar da ke ba da ƙwaya ta iya awon bakin mahaifa. Magidanta kuma, mazauna gida da ƴan ci-rani, su sani namiji na ɗauke da cutar ba tare da wata alama ba. Tsare kai da barin iyali su tafi awo haƙƙi ne a wuyansu.