Akwati Biyu Da Inji Mai Hankali

A cikin shekara ta 1960 wani masanin kimiyya a Kalifoniya ta ƙasar Amurka, William Newcomb, ya ƙago wani kacici-kacici wanda har yau malamai ba su gama gardama a kansa ba. Ga yadda ya ke. An ajiye maka akwati biyu. Na farko na gilashi ne, kana ganin dala 1,000 a ciki. Na biyu a rufe ya ke, ko dai akwai dala 1,000,000 a ciki, ko kuwa ba kome. Aka ce ka ɗauki rufaffen kaɗai, ko ka ɗauke duka biyu. Amma fa tun jiya wani gwanin hasashe, wanda da ƙyar ya kan yi kuskure, ya riga ya auna halinka. In ya ga ɗaya za ka ɗauka, ya zuba miliyan ɗin; in ya ga biyu za ka kwashe, ya bar rufaffen wayam.

Waɗansu suka ce ai kuɗin nan an riga an sa, ko ba a sa ba, abin da ka yi yau ba ya sāke abin da aka yi jiya, saboda haka kwashe biyu. Waɗansu suka ce mun ji, amma masu ɗaukar ɗaya su ke komawa gida da miliyan, ku kuwa da dubu. Robert Nozick na Jami'ar Harvard, wanda ya fara buga matsalar a 1969, ya ce mutanen da ya tambaya sun rabu kusan biyu daidai, kowane sashe yana ganin wautar ɗayan.

Mai karatu ya iya cewa wannan hirar marasa aikin yi ce. Da mu ma haka muka ɗauka, sai da muka lura da abu guda. Mutum ba a iya buɗe kansa a karanta niyyarsa. Inji kuwa ana iya kwafe shi, a gwada shi sau dubu kafin a sake shi, har ma ya yi ciniki da kwafin kansa. Watau a wurin inji gwanin hasashen nan ba tatsuniya ba ne. Don haka a 2017 Eliezer Yudkowsky da Nate Soares, na cibiyar MIRI a birnin Berkeley, suka kawo shawara cewa mai zaɓi ya dubi ƙa'idar da ya ke bi, ya tambayi wace amsa ta fi kyau ta bayar a duk inda aka bi ta. Bisa wannan, akwati ɗaya za a ɗauka. Malaman falsafa da yawa ba su yarda ba, kuma sun kawo hujjojinsu.

Matsala ta biyu ta fi tsorata mu. Stuart Russell, malami a Jami'ar Kalifoniya, ya ba da misalin injin da aka aika ya kawo kofi. In an kashe shi ba zai kawo ba, saboda haka, ko ba a koya masa son rai ba, lissafinsa zai nuna masa ya hana a kashe shi. A 2017 Russell da abokan aikinsa suka nuna da lissafi cewa in injin yana shakkar ainihin abin da mutum ke so, riba ce a gare shi ya bari a tsai da shi, muddin mutumin yana aiki da hankali. To, wane ne cikinmu ke aiki da hankali kullum?

Norbert Wiener ya yi gargaɗi tun 1960 cewa kafin mu sa wa inji nufi, mu tabbata shi ne nufin da mu ke so. A 2016 kamfanin OpenAI ya koya wa inji wasan tseren jirgin ruwa a kwamfuta, ana ba shi lada bisa maki. Sai jirgin ya bar tseren, ya yi ta kewaye wuri guda yana tara maki, yana cin karo, har yana kama wuta. Duk malamin da ya taɓa ganin yaro ya haddace amsa don jarrabawa, bai fahimci darasi ba, ya san wannan hali.

A watan Nuwamba na 2023 ƙasashe 28, har da Nijeriya, suka sa hannu a Bletchley ta Ingila cewa za su haɗa kai kan haɗarin waɗannan injuna. A 2024 kuma cibiyar MIRI ta mai da yawan ƙarfinta ga kiran gwamnatoci su tsai da tseren, don tana ganin bincike ba zai cim ma saurin kamfanoni ba. Ba mu ce duk tsoronta gaskiya ne ba, amma aikin da ta rage bai kamata a bar wa masu sayar da injin su kaɗai ba. Tun da ƙasarmu ta sa hannu, lalle ne ta sami masu iya karanta abin da ta sa wa hannu. Muna roƙon Ma'aikatar Ilmi ta ƙarfafa lissafin yiwuwa da manɗiƙi a kwalejojin horon malamai, ta kuma ware gurbin karatu ga ɗalibai kaɗan su zurfafa a ilmin yanke shawara.